Harshen Hannu a Ibadar Mabiya Buda

A darasin da ya gabata an nuna cewa sadarwa ba ta tsaya ga furuci kaɗai ba. Misali mai kyau shi ne abin da mabiya addinin Buda ke kira mudra, wato tsara yatsu da tafin hannu ta wata siga domin isar da ma'ana. Kalmar daga harshen Sansikirit na Indiya take, asalin ma'anarta kuwa hatimi.

Wadda ta fi sauƙin ganewa ita ce witarka, inda ake haɗa kan babban yatsa da na manuniya su yi da'ira, tafin yana fuskantar jama'a. Tana nufin koyarwa. Idan aka yi irin wannan da hannu biyu a daidai ƙirji, ana tuna wa'azin farko da Buda ya yi a Sarnat, kusa da birnin Baranasi.

Amma wadda ta fi jan hankalin mai nazarin harshe tana cikin ɗariƙar Shingon ta Japan, wadda Kukai ya kafa bayan ya komo daga ƙasar Sin a shekarar 806. A can akwai "dunƙulen hikima": a miƙe manuniyar hagu, sannan hannun dama ya damƙe ta. Ɗaya daga cikin fassarorinta shi ne yatsan hagu talikai ne, damar kuma hikimar Buda ce da ta lulluɓe su. Ba a yin ta ita kaɗai. Sai an haɗa da ambaton baki da tattara zuciya, kuma daga malami ake karɓarta.

To, a nan ne ɗalibi zai lura. A Shingon hannun dama ne ke wakiltar hikima, hagu kuma natsuwa. A Tibet kuwa hikima tana hagu, shi ya sa ake riƙe ƙararrawa da shi yayin ibada, dama kuma tana nufin dabara da tausayi. Addini ɗaya, hannu ɗaya, ma'ana ta sha bamban. Wannan shi ne abin da Ferdinand de Saussure ya nuna game da kalma, cewa yardar al'umma ce ke ƙulla alama da ma'anarta. Bahaushe, wanda ko miƙa abu ba ya yi da hagu, da wuya ya kawo wa kansa cewa hannun nan zai ɗauki hikima.

Aiki: Kwatanta jinjina irin ta fada da dunƙulen hikima ta fuskar siga, ma'ana da wanda ya cancanci yin kowacce.