Amsar Tambaya: Fentin Tsohuwar Peugeot 504

Tambaya: Na gaji Peugeot 504 daga mahaifina. Mai fenti ya ce ba sai an kwance komai ba, zai rufe gilasai da takarda ya fesa. In yarda?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kada ka yarda. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma motar da ta kwana biyu haka tana yin tsatsa ne a inda ido ba ya kaiwa: ƙarƙashin robar gilashi, gindin ƙofofi, ƙasan but. Idan aka fesa ba a cire roba ba, tsatsar na nan tana ci, damina ɗaya ko biyu sai ka ga fenti ya kumbura. A cire gilasai da fitilu da bamba, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, mai walda ya ɗora sabo, ba a cusa fila a rami ba.

Za a ce kuɗi da lokaci sun yi yawa. Haka ne, amma wanda ya yi fenti sau biyu ya fi kashewa. Wasu kuma na tsoron kada a kasa mayar da kaya daidai. Maganin wannan shi ne hoto kafin kwancewa, da ƙulle notin kowane sashe a ledarsa. Sannan a gwada zaman ƙofofi da bonet kafin fenti, domin gyaran tazara bayan an fesa shi ke kankare sabon launi. A fesa a rufaffen wuri, musamman lokacin ƙurar hunturu.