MUD Ba Laka Ba Ne: Darasi Kan Zaɓen Take A Wikipedia Ta Hausa

Duk wanda ya zauna zai ƙara sabuwar muƙala a Wikipedia ta Hausa, abu na farko da ake nema a wurinsa shi ne take, tun kafin ya rubuta jimla ɗaya. Da yawa daga cikinmu mukan ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu, mu kwafo taken Turanci, mu miƙa wa na'urar fassara, abin da ta ba mu shi ke nan. To amma taken shi ne adireshin shafin, shi ne abin da Google zai nuna wa mai bincike, kuma shi ne abin da ƙaninka na sakandare zai kwafa cikin aikinsa na gida yana ganin haka ake faɗa da Hausa. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma a insakulofidiya maganar ta fi zama daidai.

Na zaɓi in yi wannan darasi da misali guda mai wuyar sha'ani, wato wani wasan kwamfuta da ake kira MUD. Na san yawancinmu ba mu taɓa buga shi ba, saboda haka bari in fara faɗin ko mene ne.

Wasa ne da babu hoto ko ɗaya a cikinsa, rubutu ne zalla. Kwamfuta za ta rubuto maka cewa kana tsaye a kan wata siririyar hanya, ga gida a gabas, ga daji a arewa. Kai kuma sai ka rubuta mata umarni: nufi arewa, ɗauki fitila, buɗe ƙofa. Ta sake rubuto maka abin da ya biyo baya. Kamar tatsuniya ce da aka bar mai sauraro ya shiga ciki ya riƙa yanke shawara da kansa. Wani Ba'amurke mai suna Will Crowther ne ya fara irin wannan a 1976 da wasan Colossal Cave Adventure, sai ɗaliban jami'ar MIT suka biyo baya da Zork a 1977. Waɗannan duka mutum ɗaya ke buga su shi kaɗai. A 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex da ke Ingila, Roy Trubshaw, ya fara rubuta wanda mutane da yawa za su shiga a lokaci guda, su haɗu a ɗaki ɗaya, su yi hira, su yi faɗa, su taimaki juna. Ya yi aikin a kan babbar kwamfutar jami'ar, PDP-10. A 1980 ya miƙa wa abokin karatunsa Richard Bartle, shi kuma ya faɗaɗa shi. Ku lura fa, ɗalibai ne kamarmu. Sunan da suka ba wasan shi ne Multi-User Dungeon, a taƙaice MUD.

To yanzu ga tambayar: wane take za mu ba muƙalar wannan wasa da Hausa?

Idan na'urar fassara ta ɗauki haruffan nan uku a matsayin kalmar Turanci ta yau da kullum, abin da za ta ba ka shi ne "Laka" ko "Taɓo". Wannan kam ba ya buƙatar dogon bayani, mai neman wasan ba zai taɓa nemo shi a nan ba, mai neman bayanin lakar gini kuma zai faɗa inda bai nufa ba. Akwai ma wani ɗan sirri da ya kamata mai rubutu ya sani: a Wikipedia, in ban da harafin farko, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. "MUD" da "Mud" shafuka biyu ne daban.

Tarko na biyu shi ne wanda ya fi kama masu ƙoƙari, waɗanda suka tsaya suka warware taƙaitawar suka fassara ta kalma bayan kalma. Su za su kawo maka "Kurkukun Masu Amfani Da Yawa". A ido kamar an yi aiki. Amma ka karanta wa wani dattijo a kasuwar Gusau wannan taken, ka tambaye shi abin da ya fahimta. Zai ce maka ana maganar cunkoso ne a gidan yari. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, kalmar Dungeon ɗin da ke cikin sunan ba kurkuku take siffantawa ba. Akwai lokacin da masu Zork suka sauya wa wasansu suna zuwa Dungeon, kuma da wannan sunan wani kwafinsa ya yaɗu a kwamfutocin jami'o'i. Shi Trubshaw ya buga, ya ji daɗinsa, sai ya ce nasa shi ne Dungeon na mutane da yawa. Ke nan suna ne a cikin suna, kamar yadda ake raɗa wa yaro sunan kakansa. Wanda ya fassara shi zuwa "kurkuku" ya yi daidai da wanda ya ga sunan Talata Mafara ya mai da shi ranar mako da Turanci. Shi ya sa nake cewa ba ka da ikon zaɓar take sai ka karanta tarihin abin. Ƙamus kaɗai ba zai fitar da kai ba.

Wani zai ce, to mu bar sunan Bature gaba ɗaya, mu ƙirƙiro namu, misali "Wasan Rubutu Na Intanet Mai 'Yan Wasa Da Yawa". Ina da tausayin wannan ra'ayi, domin kishin harshe ne ya kawo shi, kuma jimlar ta faɗi gaskiyar abin. Matsalarta ita ce bayani ce, ba suna ba ce. Wasanni da dama sun dace da wannan siffa, har da kacici-kacicin da ake yi a zaurukan WhatsApp na ajinmu. Sannan babu wanda zai zauna ya rubuta kalmomi tara a akwatin bincike, ya dace da su daidai yadda ka jera su. Insakulofidiya ba wurin raɗa suna ba ce, aikinta ta rubuta sunan da duniya ta riga ta san abu da shi. Inda Hausa ta riga ta yi wa abu suna, ai babu gardama: ƙwallon ƙafa za mu rubuta, da dambe, da langa, da karta. Inda kuwa ba ta yi ba, sai mu riƙe sunan asali a take, mu zuba Hausarmu duka a jimlar farko. Ba mu fassara Facebook ba, kuma babu abin da ya ragu a jikin Hausa.

Ke nan take ya zama "MUD"? Saura kaɗan, akwai sauran rina a kaba. Wasan Essex ya haifi 'ya'ya masu yawa. A 1989 James Aspnes ya fito da TinyMUD, Lars Pensjö kuma ya fito da LPMud a ƙasar Suwidin. Ɗaliban Jami'ar Copenhagen suka kawo DikuMUD a farkon shekarun 1990. Da haka sunan ya tashi daga na wasa ɗaya ya koma na dangin wasannin gaba ɗaya, kamar yadda mu nan muke kiran kowane garin sabulu Omo, kowane ɗunƙulen miya Maggi. Har wasu suka riƙa cewa harafin D ɗin yana nufin Dimension ko Domain. Don a bambance uban daga 'ya'yansa sai aka koma kiran na asalin MUD1. Ƙari a kan haka, kamfanin CompuServe na Amurka ya ɗauki wasan ya riƙa gabatar da shi da sunan British Legends, don haka akwai waɗanda da wannan sunan kaɗai suka san shi.

Abin da nake gani shi ne, muƙala biyu ake buƙata, ba ɗaya ba. Ta dangin wasannin ta ɗauki "MUD", ta wasan Trubshaw da Bartle ta ɗauki "MUD1". Idan ka ga kana ta kokawa da take ya ƙi zama, sau da yawa ba taken ne ke da laifi ba, abubuwa biyu ne ka cusa a shafi ɗaya. Masu rubuta kundin kammala karatu a bana sun san wannan ciwon, don shi ne ke sa malami ya dawo maka da taken aikinka sau uku. Jimlar farko ta muƙala ta biyu za ta iya zama kamar haka: "MUD1 wasan kwamfuta ne na rubutu zalla da mutane da yawa ke bugawa tare ta hanyar sadarwa, wanda Roy Trubshaw ya fara a Jami'ar Essex a 1978." Duk abin da mai son dogon take yake son faɗa ya shiga nan, kuma ya fi samun wurin sakewa.

Sauran sunayen ba zubar da su ake yi ba. Akwai abin da ake kira shafin turawa, wato shafin da ba shi da komai sai umarnin kai mai karatu ga ainihin muƙalar. Sai a buɗe ɗaya da sunan British Legends ya riƙa kai mutum ga MUD1, wani da cikakken sunan Multi-User Dungeon ya kai shi ga MUD. Aikin minti biyu ne, amma mun fi sakaci da shi.

Wikipedia ta Turanci tana auna take da ma'auni biyar: a gane shi, ya zama wanda mutum zai nema da kansa, ya nuna abu ɗaya tak, ya zama gajere, ya kuma yi kama da na 'yan uwansa. Duk sun shafe mu, amma mu muna da wata matsala ta shida da Bature bai san da ita ba, wato baƙaƙe masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta K da Ƙ ba su haɗa komai ba. Wanda ya nemi "Kaura Namoda" bai ga muƙala ba, sai ya buɗe sabuwa, alhali wani ya riga ya rubuta "Ƙaura Namoda", ko akasin haka. Nan take an sami muƙala biyu kan gari ɗaya, kowacce rabi-rabi, masu gyara sun rabu biyu. Haka 'yan uwanmu na Nijar ke rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y. Garin Tsafe ma a tsofaffin taswirori da takardun Turanci Chafe ake rubuta shi. Take ɗaya za a zaɓa, wanda ya bi ƙa'idar rubutun Hausa, sauran a mai da su shafukan turawa.

Ko wasanmu na gida bai tsira ba. Darar da ake bugawa a gindin bishiya a Kekun Waje, mai gurabu 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, sunanta ɗaya da jar hular nan ta dara, ga kuma "ya dara" na murmushi, ga "ya ɗara" mai lanƙwasa da ke nufin fifiko. A irin wannan hali ne ake ƙara kalma ɗaya a baka biyu, a rubuta "Dara (wasa)". Kalma ɗaya ta isa, kuma ba a saka ta sai in da gaske akwai abin da za a iya rikitawa da shi. MUD1 ba ya buƙatar ta, tunda babu wani abu mai wannan suna.

Idan kuwa ka tarar da muƙala mai gurɓataccen take, kada ka buɗe sabuwa a gefenta, kada kuma ka kwashe rubutun ka liƙa a wani shafi, domin hakan yana ɓatar da tarihin waɗanda suka yi wahalar rubuta ta. Akwai maɓallin sauya wa shafi suna, yana tafiya da tarihin duka, ya kuma bar tsohon sunan a matsayin shafin turawa. In kana zaton wani zai ja da kai, ka fara rubuta dalilinka a shafin tattaunawa na muƙalar, ka kawo littafi ko jaridar da ta yi amfani da sunan da kake so, ka jira kwana biyu ka ji ta bakin sauran masu gyara kafin ka taɓa komai.