Mai Tara Kuɗin Taimako: Albashi Ko La'ada?

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani cewa neman gudummawa domin masallaci ko makarantar Islamiyya ko gidan marayu ya zama sana'a a wannan zamani. Akwai mutanen da aikinsu ke nan: su tsara wa ƙungiya takardar neman taimako, su shirya ƙaddamar da gidauniya, su bi mawadata har alkawari ya cika. To, ya halatta a biya irin wannan mutum? In ya halatta, ta wace hanya?

Na farko, biyansa halal ne. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, Allah Ya ambaci kashi 8 na waɗanda ake bai wa zakka, kuma ma'aikatan da ke tattara ta su ne na uku. Malamai sun ce ana biyan ma'aikacin ko da mawadaci ne, domin hakkin wahalarsa yake karɓa. Sai dai shugaba ne ke naɗa shi, shi ne kuma ke yanka masa ladan aikinsa. Ba shi zai sa hannu ya ɗiba da kansa ba.

Na biyu, ba shi da ikon karɓar komai bayan wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya ya karɓo zakka. Da ya komo, sai ya ware wani abu, ya ce kyauta ce aka yi masa. Sai Annabi ya hau mumbari ya yi tir da haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da babu wanda zai kawo masa kyautar. Ya kuma yi gargaɗi cewa wanda ya ɗauki irin wannan zai zo ranar Alƙiyama yana ɗauke da shi a wuyansa. Ka ji fa!

Na uku, ka nisanci la'ada, wato a ce kana da kashi 10 ko 20 cikin 100 na duk abin da ka samo. Wanda ya ba da kuɗin siminti ya ɗauke ka wakili ne. In ka yanki rabonka bai sani ba, ka ci amana. Sannan la'ada tana sa mutum ya matsa wa jama'a, ya ƙara gishiri a labarin marayu, ya yi ta zarya gidan attajiri ya raina sadakar talaka. Ko a Amurka, ƙungiyar ƙwararrun masu wannan sana'a, wadda aka kafa a 1960, ta hana 'ya'yanta karɓar kaso daga abin da suka tara, domin yin haka yana kashe yardar masu bayarwa.

Saboda haka, in ƙungiyarku ta ɗora maka wannan aiki, ka kiyaye abubuwa huɗu:

1. Shugabanni su yanka maka albashi sananne tun kafin ka fara, a rubuce, masu bayarwa kuma su san ana biyan ma'aikata.
2. Kowace naira ka ba da rasit, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya a banki, kada ya kwana a aljihunka.
3. Kuɗin rijiya a haƙa rijiya da shi. Kada a karkatar da shi sai da izinin mai shi, kada kuma a cakuɗa zakka da sauran sadaka.
4. Ƙarshen shekara a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita.

Kada kunya ta hana ka neman albashinka a fili, ɗan'uwa. Wanda ya ce shi don Allah yake yi, alhali yana ɗiba a ɓoye, ya haɗa ƙarya da ha'inci, kuma ranar da asirinsa ya tonu, marayun ne za su kwana da yunwa.

Allah Ya sa mu cika amana, Ya tsare mu daga cin haram. Amin.