Kafin ka ba wani amanarka

Jikana, na ji ku a zaure kuna musu a kan Majalisar Ɗinkin Duniya. Wani na cewa ita za ta raba mu da ta'addanci, wani na cewa ita ce uwar makirci. Ni dai ina so ka fara duba kusa da gida.

Alakyo ba ta da nisa da Lafia. A watan Mayun 2013 'yan ƙungiyar Ombatse, daga cikin ƙabilar Eggon, suka yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna a can, aka kashe fiye da 60. Ba baƙi ne suka yi ba. Samari ne da aka ba su magani suka sha, aka rantsar da su, aka ce harsashi ba zai kama su ba. Kada ka ɗora laifin a kan Eggon duka, domin su ma an tilasta wa da yawansu rantsuwar, Musulmi da Kirista. A 2020 kuma sojoji suka tarwatsa sansanin ƙungiyar Darul Salam a dajin Toto, suka fito da ɗaruruwan mata da yara. Can da tsafi aka ja mutane, nan da wa'azi, amma duk sai da aka fara raba yaro da iyayensa da malamansa, aka ce masa kowa ɓatacce ne ban da su.

Ita Majalisar, ba na ƙinta. An kai wa ofishinta na Abuja hari a watan Agustan 2011, 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka rasu. Sai dai a shekarar ta 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar ya ba da damar amfani da ƙarfi a Libiya, bayan faɗuwar Gaddafi makamai suka malalo Mali da sauran Sahel. Masu yanke shawarar ba su ne suka yi jana'iza ba. Shi ya sa ba na murna idan wata babbar ƙasa ta ce za ta zo yi mana yaƙi.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ɗaukar makami ba hurumin kowane mai lasifika ba ne. Idan baƙon mai wa'azi ya fara kiranku karatu a ɓoye, ka faɗa wa mahaifinka, shi kuma ya kai wa mai unguwa, har maganar ta isa fadar Mai Martaba Sarkin Lafia, Sidi Bage. In abokinka ne ya fara ƙin bin limamin unguwa salla, kada ka guje shi. Kawo min shi mu ci tuwo tare, in ji a hannun wa ya yi karatu.