HAƘƘIN TSOHON SOJA DA YA RASA GANINSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya halicci ji da gani, Yake bayarwa, Yake kuma karɓa a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata takarda da wani mai karatu ya aiko mana daga ƙasar Gwaram. Ya ce yana da baffa, tsohon soja, wanda ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A bakin daga ya rasa ido ɗaya, ɗayan kuma ya yi ta dusashewa da girma har ya rufe bara. Tun daga nan 'ya'yansa suka hana shi fita masallaci don gudun kada ya faɗi, suka karɓe katinsa na banki, su ne ke ciro fanshonsa su yi cefane ba tare da sun shawarce shi ba. Dattijon ya rage magana, ya rage cin abinci. Mai takardar yana tambaya: shin wannan jinƙai ne, ko kuwa akwai laifi a ciki?

To, ya ɗan'uwa, tambayarka ba ta gidanku kaɗai ba ce. Ƙasar Hausa ta ba da 'ya'yanta ga yaƙin Bama a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da yaƙin basasa, da aikin ECOMOG wanda aka fara a Laberiya a 1990, da kuma yaƙin da ake fama da shi a arewa maso gabas tun 2009. Waɗansu sun komo da rauni a ido, waɗansu kuma sun komo lafiya, tsufa ya riske su da yanar ido ko hawan jinin ido. Saboda haka bari mu duba yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da irin waɗannan bayin Allah.

Abin da aka ɗauke da abin da aka bari

Lalle Allah Maɗaukakin Sarki Ya ɗauke wa makaho wajabcin fita yaƙi, kamar yadda ya zo a aya ta 17 cikin Suratul Fathi. Haka nan lokacin da aya ta 95 ta Suratun Nisa'i ta sauka tana fifita masu fita a kan masu zama, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya kai kukansa cewa da yana da iko da ya fita, nan take aka saukar da togaciya ga masu larura. Amma a lura, nauyin yaƙi aka ɗauke masa, matsayinsa a cikin jama'a kuwa yana nan daram. Wannan sahabi shi ne ladanin Annabi tare da Bilalu. Annabi ya sha barinsa a Madina yana yi wa mutane limanci idan ya fita yaƙi. A dalilinsa ne farkon Suratu Abasa ya sauka. Daga baya ma, wajen shekara ta 15 bayan Hijira, an gan shi a filin Ƙadisiyya riƙe da tuta.

Labarin da ya fi kusa da tambayarmu shi ne na Itbanu ɗan Maliku, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Itbanu mutumin Madina ne, ya halarci yaƙin Badar, watau tsohon mayaƙi ne na sahun farko, kuma shi ne limamin mutanensa, Banu Salim. Da ganinsa ya raunana, sai ya zo ya gaya wa Annabi cewa idan an yi ruwan sama kwarin da ke tsakaninsa da masallacin mutanensa yakan cika, ba ya iya hayewa. Ya roƙi Annabi ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri, domin ya riƙe wurin ya zama wurin sallarsa. Washegari da hantsi Annabi ya taho tare da Abubakar, ya nemi izinin shiga, kuma bai zauna ba sai da ya tambayi Itbanu inda yake so a yi sallar. Itbanu ya nuna wata kusurwa, aka yi raka'a biyu a nan. Maƙwabta suka ji labari suka taru, aka ci abincin da mai gida ya sa aka shirya.

Jama'a, ku dubi wannan ladabi. Annabi ya taka da ƙafarsa zuwa gidan, domin zumunta a ƙafa take. Ya nemi izini, domin gidan na mai shi ne. Ya bar wa mai gida zaɓin wuri. Ya kuma karɓi liyafarsa, ya bar shi a matsayin mai bayarwa. Uzurin da Itbanu ya kawo shi ne cikar kwari, abin da mutanen Kila da Basirka da Sundimina suka sani sarai idan damina ta yi nisa. Wani makahon kuwa da ya nemi a yi masa rangwame ya riƙa salla a gida, da Annabi ya ji cewa yana jin kiran salla sai ya umurce shi ya amsa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Hikimar a fili take: mutumin da aka raba da sahun salla an raba shi da gaisuwa, da labarin gari, da shawara.

Hukuncin dukiyarsa

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun lissafa dalilan da ke sa a hana mutum sarrafa dukiyarsa, kamar ƙuruciya, da taɓin hankali, da wauta wajen kashe dukiya, da bashin da ya cinye dukiya. Makanta ba ta cikinsu. A wurinsu cinikin makaho ya inganta, limancinsa ya halatta, kuma ana karɓar shaidarsa a kan maganar da ya ji idan ya tabbatar da muryar mai ita. Game da Jumma'a ma, makanta ita kaɗai ba uzuri ba ce, sai fa in ya rasa ɗan jagora kuma ba ya iya gane hanya da kansa.

Saboda haka fanshon baffanka dukiyarsa ce, guminsa ne da jininsa. Bai halatta ga ɗa ko mata ko ƙane su taɓa ko sisin kwabo daga ciki ba sai da yardarsa. Idan ya wakilta wani ya ciro masa, to, wakili amintacce ne: ya kawo kuɗin cif, ya ƙirga masa a hannu, ya karanta masa saƙon banki yadda yake. Wanda ya rage masa wani abu don ya san ba ya gani, ya sani Allah Yana gani. Mun yarda niyyar 'ya'yan nan mai kyau ce, amma kyakkyawar niyya ba ta halatta abin da shari'a ta hana. Su mayar masa da katinsa, su nemi gafararsa.

Ɗan jagora da sanda

Sarakunan Musulunci na farko sun ɗauki jagorancin makaho a matsayin nauyin hukuma. Malaman tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa wa kowane makaho ɗan jagora, ya yanka wa masu larura albashi don kada su yi bara. Mu kuwa a yau sau da yawa yaro ƙarami muke cirewa daga makaranta mu ɗora masa wannan aiki, mu gyara wuri ɗaya mu ɓata wani.

A nan akwai abin koyo daga waɗansu ƙasashe, domin hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa. Abin sha'awa, waɗansu daga cikin dabarun da makafi ke amfani da su yau ta hanyar sojoji suka zo. A 1915 aka kafa gidan St Dunstan's a Ingila don koya wa sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya sana'a. A 1944, a asibitin soja na Valley Forge a Amurka, Richard Hoover ya tsara tafiya da doguwar sanda mara nauyi: mutum yana kaɗa ta dama da hagu a gabansa, tana taɓa wurin da ƙafarsa za ta sauka kafin ya taka, ta haka yake gane rami da dutse da bakin kwata. Rubutun makafi mai ɗigo 6, wanda Louis Braille ya tsara a Faransa a 1824, daga dabarar wani tsohon hafsan soja mai suna Charles Barbier ya samo asali. Yau akwai Alƙur'ani mai girma a cikin wannan rubutu, kuma wayoyin hannu na zamani suna iya karanta wa mai su saƙo da murya. Tsohon soja da ya saba da horo da tafiyar dare ba zai kasa koyon hanyar masallacin unguwarsu ba.

Abin da ya hau kanmu

Na farko, a kai shi asibiti a duba idon. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na makanta a Nijeriya irin wadda ake iya karewa ce ko warkarwa, kuma yanar ido ce kan gaba, alhali aikinta ɗan ƙarami ne. Ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga Asibitin Ido na ECWA a Kano, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A guji masu kwantar da yanar ido da tsinke a kasuwa. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Na biyu, a gyara masa gida. Buta da shimfiɗar salla da takalma kowanne ya zauna wuri ɗaya, kada a gusar ba a gaya masa ba. A rufe bakin rijiya, a kawar da turmi da murhu daga hanya, a ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa makewayi. Wanda ya shigo ya yi sallama ya faɗi sunansa, in zai fita ya faɗa. A yi magana da shi kai tsaye, a daina tambayar ɗan jagora abin da mai gida yake so.

Na uku, mutanen unguwa su gyara hanyar masallaci. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kuma a hadisin Abu Zarri wanda Tirmizi ya ruwaito an ƙidaya taimakon mai raunin gani cikin sadaka. A rufe kwata, a hana jibge yashi da ɗaure babur a bakin ƙofa, a ware masa wurin ajiye takalmi. Mai yi masa jagora ya ba shi gwiwar hannunsa ya riƙe, ya wuce shi da rabin taki, kada ya ja shi da sanda ko da riga.

Na huɗu, a bar shi ya yi aiki. Kiwo, da tufkar igiya, da tsaron shago, da ladanci, da sulhunta maƙwabta duk suna cikin ikonsa. Ranar kasuwar Sara a tafi da shi ya taɓa dabbarsa ya yi cinikinta da bakinsa. Ƙasar nan ta ga Aliyu Namangi na Zariya, makaho, wanda waƙarsa ta Imfiraji ta karantar da masu ido.

Na biyar, hukuma ta sauke nata nauyin. A 2007 Gwamnatin Jihar Jigawa, zamanin Alhaji Sule Lamido, mutumin Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, ta fara biyan waɗansu masu larura naira 7,000 a wata. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa mai hana nuna bambanci ga masu larura, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigansu, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Hakimai da dagatai da limamai da Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji su san adadin irin waɗannan dattawa a ƙasarsu, su raka su wurin tantancewar fansho. Tunawa da su ranar 15 ga Janairu kaɗai ba ta isa ba.

Kai kuma baba, tsohon soja, idan an karanta maka wannan, ka yi bushara. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi mai nuna cewa bawan da aka jarrabe shi da rasa idanunsa biyu ya yi haƙuri, Aljanna ce sakamakonsa. Kana da magabata na ƙwarai: Abu Sufyana ya rasa ido ɗaya a Ɗa'ifa, ɗayan a Yarmuk, Jabiru ɗan Abdullahi, wanda ya yi yaƙoƙi masu yawa tare da Annabi, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, amma ya ci gaba da karantarwa, kuma a wannan hali ne ya ba da labarin Hajjin Annabi wanda malamai ke dogara da shi har gobe. Haƙuri bai hana ka ɗaukar sandarka ka nemi sahun farko ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, Ya kiyaye mana jinmu da ganinmu, Ya kare mu daga makantar zuci. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.