DARASIN YAU: YADDA AKE CUSA MAGANIN ITACE A CIKIN BANDEJI



'Yan uwa, a Sahihul Bukhari an kawo cewa ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, da aka ji wa Annabi (SAW) rauni, Nana Faɗima ce ta wanke, Sayyidina Ali yana zuba ruwa. Da jinin ya ƙi tsayawa sai ta ƙona guntun tabarma ta ɗora, ya tsaya. Ku lura, wanki aka fara yi kafin magani.

To yau masana sun samo hanyar haɗa maganin itace da tsabta. Kun san iskar nan da ke kumfa a lemon kwalba, wato kabon dayokzaid? Idan aka kulle ta a tukunyar ƙarfe, zafinta ya wuce digiri 31, aka matse ta da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke ciki sau 73, sai ta koma tsaka-tsaki: tana narkar da mai kamar ruwa, tana ratsa zare kamar iska. Sai ta ɗauko sinadarin ganye ta shige da shi cikin audugar bandeji. Da an sassauta matsin, iskar ta fice, maganin ya zauna. Masu bincike a Jami'ar Belgired ta ƙasar Sabiya sun gwada haka da taimol, sinadarin da ke cikin za'atar, suka ga audugar tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Amfaninsa biyu: zafin kaɗan ne, bai ƙona maganin, kuma ba ya barin dattin sinadarin narkarwa.

Amma a kula, wannan aikin ɗakin bincike ne, ba na tukunyar gida ba. Abin da za ku ɗauka:

1. Ku wanke hannu da sabulu, sannan ku wanke miki da tsabtataccen ruwa.
2. Kada ku barbaɗa garin magani, ƙasa, tokar murhu ko kashin shanu a buɗaɗɗen miki ko cibiyar jariri. Ta nan cutar tetanas mai sandarar da jiki take shiga.
3. Ku rufe da sabon bandeji, ku canza in ya jiƙe.
4. Mai ciwon suga da ya ga gyambo a ƙafa ya tafi asibiti ranar. Jinkiri kan jawo yanke ƙafa.
5. Mugunya, wari, kumburi ko zazzaɓi: asibiti kai tsaye.

Neman magani sunna ce, tsabta kuma addini ce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. A tura wa 'yan uwa.