MAGANAR SHUGABA DA MA'AIKATANSA: DARASI DAGA JI'IRANA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, yawancin tarzomar da takan tashi a ofis, ko makaranta, ko masana'anta, ba daga hukuncin shugaba take fitowa ba, daga shirunsa ne. A ƙara wa wani girma a bar wani, a sauya wa wani wurin aiki, ba wanda ya faɗi dalili. Nan da nan sai ƙus-ƙus ya cika wurin, kowa ya ƙaga nasa dalilin.

Irin wannan ya auku a shekara ta 8 bayan Hijira, watau 630 Miladiyya, bayan yaƙin Hunaini. An tara ganima a Ji'irana, kusa da Makka. Manzon Allah (S.A.W.) ya ba waɗansu manya sababbin shiga Musulunci, kamar su Abu Sufyan da Aƙra'u ɗan Habis da Uyainatu ɗan Hisnu, raƙuma 100 kowannensu. Mutanen Madina, watau Ansaru, ba su sami kome daga wannan kyauta ba, alhali kuwa su ne suka amsa kira sa'ad da runduna ta watse. Abin ya sosa musu rai, har magana ta fara yawo.

Shugabansu, Sa'adu ɗan Ubada, ya kai labari. Da Annabi ya tambaye shi inda shi ya tsaya, bai ɓoye ba, ya nuna shi ma ɗaya ne daga cikin jama'arsa. Ba a tsawata masa ba. Wannan wuri abin lura ne ƙwarai, domin shugaban da yake huce fushinsa a kan mai kawo masa labari, ba da jimawa ba zai rasa mai gaya masa gaskiya, ya saura da 'yan "ranka ya daɗe" kaɗai.

Annabi bai aika da saƙo ba, bai kuma bari abin ya yi tsami ba. Ya sa aka tara Ansaru su kaɗai, ya zo da kansa. Ya fara tuna musu da ni'imar Allah a kansu: shiriya bayan ɓata, wadata bayan talauci, haɗin kai bayan gaba. Sa'an nan ya yi abin da shugabanni kaɗan ne suke iyawa, watau ya faɗi hujjarsu da bakinsa. Ya ce in da sun so, da sun amsa masa cewa ya zo musu ana ƙaryata shi suka gaskata shi, an kore shi suka ba shi masauki, kuma da sun faɗi haka da sun yi gaskiya. Wanda aka riga shi ambaton ƙoƙarinsa, me ya rage masa na gunaguni?

Sai a bayan wannan ya kawo dalili. Waɗancan an ba su ne don a jawo zukatansu, su kuwa an dogara ga ƙarfin imaninsu. Ya nuna musu cewa mutane za su koma gida da tumaki da raƙuma, su kuwa za su koma da Manzon Allah. Suka yi kuka har gemunsu ya jiƙe, suka ce sun yarda. Mai karatu ya lura, ba a sāke rabon ba. Hukunci yana nan yadda yake, bayani ne ya sauya zukata.

Hedimasta ko manajan da yake ganin faɗin dalili zubar da girma ne, to, ya dubi Umaru ɗan Haɗɗabi (R.A.). Da ya sauke Halidu ɗan Walidu daga muƙaminsa a shekara ta 17 bayan Hijira, ya rubuta wa garuruwa cewa ba don fushi ko cin amana ya yi haka ba, sai don gudun kada mutane su jingina nasara ga Halidu su manta da Mai bayar da ita.

Ko yanayin furucin ma yana da nasa ladabin. Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito cewa Annabi ba ya zuba magana da gaggawa, har mai son ƙidaya kalmominsa yana iya ƙidayawa. Anas ɗan Malik, wanda ya yi masa hidima shekara 10, ya ce yakan maimaita magana sau uku domin a fahimta. In kuwa wani ya yi kuskure, sau da yawa yakan yi gyaran a bainar jama'a ba tare da ya kama sunan mai laifin ba.